Bahaguwa da Jinyar Gwaggo

A gidan burodin da ke bayan tashar mota babu wanda ya damu da sanin sunanta na yanka. Bahaguwa ake ce mata, da shi kuma take amsawa. Aikinta shafa wa gwangwanaye mai kafin a zuba kwaɓi. In an sauke burodi ta kankare abin da ya maƙale, ta wanke, ta jera su a kife. Yatsunta duk tabon ƙuna ne. Doguwar mace ce marar yawan magana, ta ba arba'in baya. Aure ɗaya ta yi, mijin ya rasu bai bar mata ko ɗa ba.

Gwaggo ce ta laƙaba mata sunan. Yayar mahaifinta ce, ita ta ɗauke ta riƙo tun tana 'yar mitsitsiya, bayan rasuwar uwarta. Gawayi Gwaggo take sayarwa a ƙofar gida, kuma ɗa ɗaya tal Allah ya ba ta, namiji. Bahaguwa na ce masa Yaya, unguwa kuma Manaja, tun kafin ya zama manajan komai. Shi aka sa makaranta, ita aka sa awon gawayi. In ta manta ta miƙa wa mai saye kaya da hagu, sai ta ji ludayi a bayan hannu. Hannun bai gyaru ba, sunan kuma ya zauna daram.

Da mijinta ya rasu ta dawo gidan Gwaggo, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Lokacin Manaja ya daɗe da komawa babban birni da iyalinsa, sai dai murya a waya.

Abin ya fara ne da wanki. Gwaggo da ba ta taɓa wanke ko ɗankwalinta ba, sai ga ta tana wanke zannuwanta da kanta, tana shanyawa a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Turaren wuta kuma safe da yamma, har yana shaƙe mutum. Wata rana Bahaguwa ta ɗaga katifar tsohuwar za ta kai rana, ta tarar da tsummoki a cuccuse a ƙasa, wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu da ɗanyen jini. Matar da ta haura saba'in, wadda ta rabu da al'ada tun Bahaguwa tana budurwa.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Uban wa ya aike ki ƙarƙashin katifata? Munafuka. Sai ki je ki yi shela a gidan burodin naku."

Maganar asibiti kuwa ta ce sai dai a ɗauki gawarta. Haka aka yi ta ja, har ranar da ta sunkuya ɗaukar mudun gawayi ta kife a kan buhu. Maƙwabta suka taya aka sa ta a mota.

Aka yi hoton ciki, aka ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifa aka kai gwaji, aka ce su dawo. Ranar da suka dawo, likitar, wata yarinya da ba ta fi jikar Gwaggo ba, ta jawo kujera kusa, ta ce sankara ce a mahaifa. Ta ce da an zo tun farkon ganin jinin da abin ya fi sauƙi, amma har yanzu da sauran dama, in aka cire mahaifar aka bi da magani. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi. Ta juyo ta zunguri Bahaguwa.

"Me take cewa?"

Dole Bahaguwa ta kai baki kunnenta ta faɗa da ƙarfi, har na kan benci a waje suka ji. 

"To," in ji Gwaggo. "Daga bakinki na ji. Allah ya sa kin huce."

Bahaguwa ta kira Yaya. Ya ce innalillahi, ya ce yana cikin taro, ta yi duk abin da likita ta ce, zai shigo ƙarshen mako. Ƙarshen makon ya zo ya wuce, aka yi tiyata babu shi. Da Gwaggo ta farfaɗo a ɗakin mata, roba a hanci, roba a hannu, abin da ta fara tambaya ke nan.

"Sun cire?"

"Sun cire, Gwaggo. An yi nasara."

"Nasarar uwarki. Inda ɗana ya kwanta kika tsaya aka yanke aka jefar. Ai taki ya kamata su cire, da ba ta taɓa tsinana komai ba."

 Can wata mai jinya a gadon ƙarshe ta kasa riƙe dariya, ta toshe baki da mayafi. Bahaguwa ta sunkuya ta ɗauki tasar fitsari ta fita da ita.

Manaja ya zo bayan an cire zare. Fararen kaya, ƙamshi tun daga ƙofa, direba biye da shi da katan ɗin lemo wanda aka hana Gwaggo sha. Tsohuwar da ta kwana biyu ba ta iya juyawa sai an juya ta, ta yunƙura ta zauna da kanta. Ya riƙe hannunta, ya miƙa wa Bahaguwa waya ya ce ta ɗauke su hoto. Sai da ta ɗauka sau uku, don na farko ya ce tasar fitsari ta fito a ciki. Gwaggo ta ce masa ba a ba ta abinci sai ta yi ta roƙo. Ya kira Bahaguwa baranda.

"Matar nan ita ta raine ki. In ba za ki iya ba ki faɗa mini."

"Zan iya, Yaya."

Kafin la'asar ya kama hanya. Hoton ya zaga dangi, aka yi ta kiran waya ana sa masa albarka, ɗa na gari mai kula da mahaifiya.

Sai aka shiga ƙarin ruwan magani, daga baya kuma gashi da na'ura. A gidan burodi suka samu abin tsokana. "Ke dai Bahaguwa ba ki rabuwa da gashi. Nan gashi, asibiti gashi." Ita ma takan murmusa. Ɗakin na'urar a sama yake, lif ɗin kuma ya fi lalacewa a kan aiki, don haka goya Gwaggo take yi ta hau da ita bene, tsohuwar na bayanta tana cewa ƙashin bayan nan kamar na jaki. Wata rana sai sun hau a ce na'ura ta tsaya, a dawo jibi.

Maganin ya fi ciwon iya wulaƙanci. Amai, zawo, baki duk gyambo, fatar mara ta saɓule. Gashin kan Gwaggo ya riƙa biyo mataji, ta ce wani abu Bahaguwa ta zuba mata a man kitso. Ba ta iya riƙe cokali, amma ta rantse ba za ta ci daga hannun hagu ba. Bahaguwa ta koma ba ta da dama, hannun bai saba ba, romo na zuba a ƙirjin riga. Ran nan Gwaggo ta ɗaga hannu ta mare ta. Marin ya sauka kamar an jefe ta da ganye. Duk dukan da ta sha a hannun matar nan ba ta taɓa kuka a gabanta ba, amma wannan sai da ta shige banɗaki ta toshe baki.

Ba kullum take mutumiyar kirki ba. Akwai ranar da Gwaggo ta ɓata shimfiɗa karo na biyu kafin azahar, ta bi ta da zagin uwarta da ke kabari. Bahaguwa ta ajiye bokiti, ta fito ƙofar gida, ta zauna a kan buhun gawayi tana gutsurar burodi. Tana jin kiran daga ciki. Da zagi ya fara, ya koma sunanta kawai, ya koma "Don Allah". Ba ta taɓa jin kalmar nan daga bakin Gwaggo ba, kuma ta ji daɗinta, daɗi sosai. Sai da ta cinye burodin tas ta kakkaɓe zani, sannan ta shiga ta wanke ta. 

A wurin aiki makara ta yi yawa. Sai wata cikin masu ɗaurin leda ta fara cewa hannun da ke wanke tsumman mai sankara bai kamata ya taɓa abin da mutane za su ci ba. Bahaguwa ta ce likita ta ce ba a ɗauka. Mai gidan burodi ya ce shi ma ya sani, amma masu saye ba likitoci ba ne. Ya ce ta je ta huta, in tsohuwa ta samu lafiya a yi magana. Washegari aka sa wata a kan gwangwanayenta.

Akwai mai tanda, wani bawan Allah da matarsa ta rasu, wanda ya daɗe yana ware mata burodin da ya fi gasuwa. Har ya ce zai turo manyansa. Ya zo duba Gwaggo sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana numfashi ta baki. Da ta rako shi ya sosa ƙeya ya ce, "Ke nake so, amma na ga alamar ku biyu ne a ƙunshi ɗaya." Ya yi dariya don ta ɗauka wasa ne. Bayan 'yan watanni ta ji ya yi aure.

Gwaggo kuwa ta tashi. Likitar ta duba sabon hoto ta ce a yanzu ba ta ga komai ba, amma lallai a riƙa kawo ta dubawa a kai a kai, don abin yakan dawo. Gashi ya tsiro fari sol, mai laushi kamar na jariri. Ta fara fita ƙofar gida tana faɗa da yara. A lokacin ne Manaja ya zo da mota, ya ce Mama ta sha wahala a wannan akurkin, zai tafi da ita ta huta. Gidan kuma ya riga ya yi ciniki da wani mai son gina shaguna. Ya ce Bahaguwa ta ɗauki katifa da ragowar gawayi, ai ba za a bar ta haka ba.

Gwaggo ta shiga gaban mota da sabon mayafi. Bahaguwa ta leƙa ta taga tana yi wa Yaya bayanin ranar komawa asibiti, yana ta gyaɗa kai yana duba waya. Gwaggo ba ta waiwayo ba. Ta dai ce, "Ki share ɗakunan kafin masu gida su zo, kada a ce mu ƙazamai ne."

Ta kama ɗaki a bayan wani injin niƙa, inda bango ke rawa tun safe har magariba. Tana wankau, tana kasa gawayi. In lokacin dubawa ya yi takan kira ta tuna musu, har matar Yaya ta ce, "Baiwar Allah, mu ma nan akwai asibiti." Daga nan ta daina.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni. Wata rana da rana tsaka tana shanya, motar Yaya ta tsaya a bakin lungu. Gwaggo na kwance a kujerar baya, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar turmi, fuska ta zama ƙashi. Ba a taɓa kai ta dubawar ba, sai da ta daina cin abinci, aka ce ya bazu, babu sauran abin yi. Matar Yaya ce ta yi bayani. Yara ba sa iya cin abinci saboda warin, 'yar aiki ta gudu, kuma ai ita Bahaguwa ta riga ta saba. Yaya bai ko kashe mota ba.

Tana iya cewa a'a. Ta buɗe baki ma. Sai ta ga ƙudaje sun fara taruwa a gefen zanin tsohuwar, ta sunkuya ta cicciɓe ta. Ba ta kai nauyin rabin buhu ba. Gwaggo ta buɗe ido ta ƙare wa ɗakin kallo, rufin kwano, tabarma, garin niƙa a kan komai.

"Nan kika ƙare?" ta ce.

Makonni kaɗan ta yi. Zuwa ƙarshe hankalinta ya riƙa tafiya yana dawowa. Wata safiya Bahaguwa tana goge mata baki da tsumma mai ɗumi, Gwaggo ta lalubo hannunta ta riƙe gam. Muryarta ta yi taushi irin wanda Bahaguwa ta sha ji daga bayan ƙofa amma ba a taɓa yi mata ba.

"Ɗana, kai ne? Na san ba za ka bar ni ba. Duk sun gudu, kai kaɗai ka tsaya mini. Waccan yarinyar ko leƙe. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Bahaguwa ta dubi bango. Inji yana ta ruri. Ta ƙanƙantar da murya ta ce, "Amin, Mama." Tsohuwar ta yi murmushi, ta koma barci. Kwana biyu bayan haka ta cika.

A wurin gaisuwa Manaja ne a tsakiyar tabarma, ido jawur, ana layin ba shi haƙuri. Bahaguwa tana bayan gida tana wanke kwanukan baƙi. Wata tsohuwa ma ta tambaye ta ko ita ce 'yar aikin.

Yanzu in ka shiga ɗakin mata a asibitin, za ka gan ta. Ma'aikatan jinya sun san ta, su ne ke haɗa ta da iyalan da ke da mara lafiya amma ba su da lokaci, ko ba su da hanci. Ta iya juya mutum ba tare da ya ji zafi ba, ta san lokacin da amai ke tafe kafin mai shi ya sani. Kowa yana yabon aikinta. In tsohuwa ta sa mata albarka, takan gyara mata matashi ta ce, "Juya, Baba, in goge bayan." In ta zage ta ma haka take cewa.