Riga Mai Lamba Tara

Ranar da har gobe ba ta fita daga raina ba a aikin nan ita ce ranar da na miƙa wa wani yaro riga mai lamba tara. Ku da kuka zo bana kuna ganin aikinmu bai wuce share ƙanƙara da miƙa takalma ba. Ni ma haka na ɗauka, sai da na aikata abin da na aikata.

A shekarar 2016 ne, bayan alhazai sun watse gari ya lafa. Ina cikin shekarata ta huɗu a filin ƙanƙarar nan da ke saman benen kasuwa. Ga wanda bai san wurin ba, a waje ranar Makka tana narka kwalta, mu kuma a ciki muna fama da rigar sanyi biyu-biyu. Aikina uku ne a lokacin: in kankare saman ƙanƙara in zuba ruwa ya sake daskarewa, in wasa ƙarfen da ke ƙasan takalma, sannan in kula da ɗakin kaya. A samana akwai Kyaftin Hisham, mutumin Masar, mai koyar da yara. A samansa akwai mudir, wato manaja, wanda muke kira Abu Nawaf. Shi ne kuma kafilina. Kun san ma'anar wannan ba sai na faɗa ba: igamata, takardar zamana a ƙasar nan, sai ya sa hannu ake sabunta ta.

Wasan da ake koya wa yaran sunansa hoki. Kowane yaro da sanda mai lanƙwasa, suna korar wata baƙar roba mai faɗin murfin gwangwani har su jefa ta raga. Kayan wasan kuwa, daga hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, zuwa abin wuya, zuwa safar hannu da ta ƙafa, babu inda fatar mutum take leƙowa. Uwar da ta haifi yaro ba za ta gane shi ba sai da lambar da ke bayan rigarsa.

Babban kocin yana Jidda. Bature ne, ba Musulmi ba, saboda haka ba ya wuce shingen da ke hanyar Makka, bai taɓa sa ƙafa a filinmu ba. Sau ɗaya a shekara ake ɗaukar wasan yara a bidiyo daga saman baranda, a aika masa tare da takardar sunaye da lambobi. Shi kuma ya duba ya zaɓi uku da za su shiga ƙungiyar matasa ta Jidda. Duk wahalar da yaran suke sha shekara guda, a kan gurbin nan uku suke shan ta.

Mubarak ya fara zuwa ne a ɗan kallo. Shekarunsa sha huɗu, siriri, ya kan manna goshi a gilashi ya yi ta kallo har a rufe don salla. Rana ta uku na ce masa, “Kai yaro, ba ka da gida ne?” Da ya ji Hausa sai ya zabura kamar an kira shi daga barci. Ashe watansu biyu da zuwa daga Kano. Mahaifinsa, Malam Auwalu, ɗalibi ne a jami'a, sun kama ɗaki a unguwar Misfala.

Ya ce, “Kawu, ni ma na iya. A Kano da takalmi mai taya nake yi, har bayan a-daidaita-sahu muke kamawa.”

Na ce, “To a nan babu a-daidaita, sai bango.”

Bangon kuwa ya sha shi. Da mahaifinsa ya yi masa rajista, makon farko duk a ƙasa ya yi shi. Gudu yana da shi, har ya fi kowa, amma bai san yadda ake tsayawa ba, don birkin taya daban, na ƙanƙara daban. Zai taho kamar kibiya ya je ya rungumi katakon da ya kewaye filin. Ga Larabcin Kyaftin ba ya shiga kunnensa, shi kuma in ya buɗe baki sai Larabcin Islamiyya ya fito, yara su yi ta dariya suna cewa liman ya zo. Ranar farko ma da ya ga Kyaftin sai ya rusuna zai gaishe shi kamar yadda aka koya masa a gida, takalmi ya kwashe shi ya zauna daɓas. Ba wanda yake ba shi roba a wasa. Sunansa a bakinsu Takruni, kamar yadda suke kiran kowane baƙar fata. Rigar da ta rage a ɗakin kaya ita aka ba shi, wata koɗaɗɗiya mai lamba ashirin da uku.

Wata rana na same shi a bayan injin sanyi yana hura yatsunsa yana share hawaye. Ya ce gobe ba zai dawo ba. Abin ya ba ni haushi, na ce, “Ka bar Kano ka zo har nan don 'ya'yan madara su kore ka? Tashi ka ba ni takalman nan.”

Ni ban taɓa buga wasan ba, amma shekara huɗu ina kallo, kuma ƙarfen kowa ta hannuna yake bi. Na sake wasa nasa, na rage masa kaifi don ya daina cije ƙanƙara. Bayan sallar La'asar akwai kamar minti ashirin kafin a ɗaga ƙofa, sai in sa shi shi kaɗai a fili. Na ce ya juya ƙugu gefe, ya karkata, ya bar ƙarfen ya kankare ƙanƙara kamar mai fere rogo. Ya faɗi ya fi a ƙirga. Ranar da ya tsaya cak, garin ƙanƙara ya watso mini a wando, sai ya ɗaga sanda yana dariya, ni ma ina dariya kamar ni na haife shi.

Cikin wata biyar yaron nan ya zama abin tsoro. Waɗanda ba sa ba shi roba suka koma neman a sa su ɓangarensa. Kyaftin da kansa ya ce mini a ɗakin kaya, “Ya Isa, wannan naka ɗan Jidda ne, ba makawa.”

Mudir yana da ɗa a cikin yaran, Nawaf, shi ne mai lamba tara. Shekararsa uku a wasan. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaro ne mai hankali, yana gaishe ni. Sai dai yana tsoron faɗuwa, kuma mai tsoron faɗuwa ba ya wasan nan.

Ranar ɗaukar bidiyo Alhamis ce. Ina jera riguna a kan benci sai mudir ya shigo ya turo ƙofa. Bai taɓa shigowa ɗakin nan ba, yana cewa warin safa yana sa shi ciwon kai.

Ya ce, “Ya Isa, yau ka ba Takruninka tara, ka ba Nawaf ashirin da uku.”

Na ce, “Ya mudir, ai an riga an rubuta takarda. Tara Nawaf ne a ciki.”

Ya ce, “Takarda tana nan yadda take.”

Nan take na gane. Kocin Jidda ba fuska zai gani ba, lamba zai gani. Zai ga tara tana abin mamaki, ya duba takarda ya ga sunan Nawaf. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ɗauki wata hular kwano yana jujjuya ta, ya tambaye ni a hankali wata nawa ya rage wa igamata. Na ce biyu. Ya ce, “Tayyib,” wato to madalla, ya ajiye hular ya fita.

Ina da mata da 'ya'ya huɗu a Wudil, duk abin da suke ci daga ɗakin nan yake fita. Wannan shi ne uzurina, kuma na faɗa wa kaina shi ya fi sau dubu. Amma ko marina mutumin nan bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, na ninke kamar tabarma.

Da yara suka shigo, Nawaf ya karɓi tsohuwar rigar bai dube ni ba. Kyaftin ya tsura wa agogonsa ido. Mubarak ya riƙe tara da hannu biyu.

Ya ce, “Kawu, wannan ai ta Nawaf ce.”

Na ce, “Mudir ya ce taka ta koɗe, ba za ta fito a hoto ba. Saka kawai.”

Ya ce, “Allah ya saka da alheri, Kawu. Na san kai ka roƙa mini.”

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ɗaure masa igiyar takalmi da hannuna, na tura shi fili.

Ban taɓa ganin ya yi wasa irin na ranar ba. Sau uku yana jefa roba a raga. Akwai inda ya taho da gudu, yara biyu suka tare shi, ya tsaya cak irin tsayuwar da muka koya bayan La'asar, suka wuce shi suka yi karo da juna. Mudir yana baranda kusa da mai ɗaukar hoto yana tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka tashi yaron ya roƙe ni in bar shi ya je da rigar gida ya nuna wa mahaifiyarsa, na ce ya je.

Bayan mako biyu amsa ta zo daga Jidda. Kyaftin ya tara yara ya karanta suna uku, na farko Nawaf. Sannan, don rashin ta-ido, ya karanta saƙon kocin, inda ya ce lamba tara yaro ne da ba a cika samun irinsa ba. Yara suka dubi juna, don duk sun san wanda ya sa tara a ranar. Mubarak ya juyo ya dube ni ta cikin ragar hularsa, ni kuma na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Washegari ya zo ba da kayan wasa ba. Ya ajiye leda a kan teburina. Rigar ce, mahaifiyarsa ta wanke ta goge ta har da turare.

Ya ce, kansa a ƙasa, “Kawu, tun ranar ka sani?”

Na ce, “Ka yi haƙuri, Mubarak. Ƙasar mutane ce.”

Ya ce, “Ba ƙasar na tambaye ka ba, Kawu.”

Ya yi mini sallama ya fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko na bi lungunan Misfala har na gano ɗakinsu. Na zayyana wa Malam Auwalu komai, ban rage ba. Ya saurare ni har na gama, ya zuba mini shayi. Sai ya ce Jidda ai ba nisa, in ya ɗauki mota muka je wurin kocin, zan maimaita abin da na faɗa a gabansa? Na dubi kofin. Na ce a bari tukuna a sabunta mini igama, in ya so sai mu gani. Ya gyaɗa kai ya ce, “Sha shayinka, Malam Isa, kada ya huce.” Bai ƙara tayar da maganar ba, ya rako ni har bakin titi.

An sabunta igamar a kan lokaci, ko kwana ɗaya ba a ƙara ba. Ban koma Misfala ba.

Nawaf ya je Jidda sau uku ya ce ba ya so. Na ji kocin ya aiko yana tambayar me ya sami lamba tara, aka ce masa yaro ne ya yi ƙiba ya sangarce. Gurbin ya tafi a banza, ba ga ɗan mudir ba, ba ga mai shi ba. Mudir kansa bayan shekara biyu ya bar wurin ya buɗe gidan abinci, na tabbata ko sunan yaron ba zai tuna ba.

Sau ɗaya na sake ganin Mubarak, a harabar Harami, kafin su koma Kano. Ya yi tsawo. Na yi niyyar kauce masa amma ya riga ya gan ni. Ya zo ya rusuna har ƙasa ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida. Bai tambayi ƙanƙara ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu ɗakin kaya. Manya ba sa cuta da hannunsu, sai sun nemi ƙaramin ma'aikaci mai jin tsoro, kuma sun fi son wanda yaron ya yarda da shi. Da Kyaftin ne ya miƙa rigar nan, da Mubarak ya yi tambaya. Ni ne na miƙa, shi ya sa ya yi godiya. Kocin da bai san shi ba ya zaɓe shi daga nesa, rijiya ta bayar, ni gugan na hana. Shi ya sa kuke ganin duk ranar bidiyo nake tsayawa da takarda a hannu ina kiran suna da lamba da ƙarfi kowa yana ji, kuna cewa tsoho ya cika ƙa'ida. Ku ci gaba da faɗa. Takalman Mubarak kuma su ne waɗancan na saman kanta, kada wanda ya ba da su haya.