Wanzamin da bai ga tabo ba

Alhaji Arzika wanzami ne a Bilbis. Duk kasuwar Tsafe an san zabirarsa, an kuma san ra'ayinsa: aikin da bai bar tabo ba, ba a yi shi ba.

A hajjin 1998 ciwon kai ya kayar da shi a Mina, kamar an sauke masa taɓarya. Ƙanensa Salisu, wanda ke jin Larabci, shi ya bi shi har asibiti a Jidda. Da ya farfaɗo, Salisu ya faɗa masa cewa wani kumburi da bai kai ƙwayar dawa ba ne ya fashe a jijiyar ƙwaƙwalwarsa. Likitoci sun zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin kai, suka cusa 'yar waya suka toshe wurin.

Arzika ya shafa kansa, ya ji gashi cif.

Da suka dawo gida ya aske kan tas, ya sa matarsa Hajara ta duba a rana. Babu ko ƙwarzane.

"Ciwo bisa, yanka ƙasa," in ji shi. "Hajara, mi anka cire min?"

Ya taɓa jin ana sayar da ƙoda, kuma Salisu ne kaɗai ya yi magana da likitocin. Daga ranar ya daina cin tuwo kwano ɗaya da ƙanensa. Ya daina yi masa aski. Salisu ya koma zuwa Tsafe wurin wani wanzami, gari kuwa ya lura.

Hajara ce ta ja shi Gusau, wurin Dauda mai ɗaukar hoton ƙashi. Dauda ya ɗaga hoton a taga, ya nuna masa wayar, wani farin ɗigo a tsakiyar ƙoƙon kai, a cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta tona.

"Wa yac ce kaina na?" in ji Arzika.

"Baba, dubi ƙasa," in ji Dauda.

Ga haƙorin Makka nan fari fat, wanda ya sa kafin su fita Mina. Arzika ya daɗe yana taɓa shi da harshe.

Washegari ya aika a kira Salisu, ya zaunar da shi a tabarma, ya jiƙa masa kai. Yana wasa aska ya ce:

"Duƙa da kyau. Ran Litinin kai za ka raka ni Gusau. Saura hoton ƙoda."