Mayafin da Godelieve ba ta gama ba

Godelieve tana shekara bakwai aka ɗora mata matashin saƙar leshi a cinya, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a birnin Brugge. A can ake aikin, don zaren lilin ɗin ya fi gashi siranta, in babu danshi sai ya tsinke. Shekara arba'in tana juya 'yan sandunan zare a sanyin nan, matan manya suna ado da wahalarta. Ɗakin ya cinye mata ido, ya bar ta da tari.

Shi ya sa ta rantse 'yarta Trezeke ba za ta koyi wannan sana'a ba. In yarinyar ta leƙo, sai ta daka mata tsawa: "Fita nan, uwar shisshigi! Makauniya ɗaya ta ishi gidan nan." Trezeke ta girma a masaƙar inji, da idonta garau.

Abu guda Godelieve ta taɓa saƙa wa gidanta, mayafin auren Trezeke. Shekara shida tana kansa, da ragowar zaren wata tsohuwa da ta mutu ba ta bar mai kaɗa irinsa ba. Ido ya tafi, amma yatsu sun san hanya. Saura taƙi ɗaya tarin ya kwantar da ita mako uku.

Ranar da ta miƙe, ta lalubi ƙofar sauka ɗakin ƙasan. Trezeke ta riƙo hannunta tana dariya.

"Ina kuma za ki, Inna? Kin gama da ramin nan. Tun ranar da kika kwanta na hauro miki da matashin da mayafin a kansa, ga shi nan gefen murhu. Ki yi aikinki cikin ɗumi kamar kowa."

Godelieve ta lalubo matashin. Ta zauna, ta juya sanda ɗaya, zare ya ce ɗas. Ta taɓa ta biyu, haka. Sanduna suka yi ta gangarowa ƙasa, ba ta da idon ƙulla ko ɗaya.

"Inna, me ya faru? Wani abu na ɓata?"

Wa zai gaya wa yarinyar abin da zafi ke yi wa zare? Godelieve da kanta ce ta kore ta daga ƙofar.

"Ba ki ɓata komai ba, 'yar nan," in ji Godelieve. "Hannuna ne ya tsufa. Ƙara min itace a wutar, yau na ji ɗumi."