Mutum Biyu Kan Kwamfuta Ɗaya

Mu biyar ne a wani ɗan kamfanin rubuta manhaja, a saman wani shagon magani a Mabera. Babbanmu, wanda duk muke ce wa Yaya, shi ya koya wa yawancinmu aikin. Ɗan gidan malamai ne daga Ƙofar Kware, mutum mai sanyin magana. Kwatsam sai aikinsa ya fara ɓaci. Manhajar makarantu muke yi a lokacin, kuma duk inda ya taɓa sai ta tsaya cak. To a cikinmu wa ke da bakin da zai ce Yaya ya yi kuskure? Sai mu bari ya fita sallar la'asar mu gyara a ɓoye, in ya dawo kowa ya duƙufa kamar ba a yi komai ba. Oga, mai kamfanin, ya fara ƙunƙuni, mun kuma san aikin Yaya ne ke lilo.

Ana cikin haka oga ya ɗauko wata mata daga Sabon Gari, wai ta horar da mu yadda ake aiki tare. Wallahi ranar farko haushi ta ba ni. Ko kwamfuta ba ta taɓa ba, ta ja kujera ta zauna bayanmu tana kallo kamar mai jiran layin asibiti. Na ce a raina, ga wata ta zo cin banza.

Ashe kallon ne aikin. Bayan 'yan kwanaki ta ce daga yau mutum biyu za su zauna kan kwamfuta ɗaya, ɗaya na faɗin abin da za a rubuta, ɗaya na bugawa. Ta haɗa ni da Yaya, ta ce shi ne mai faɗa. Na tare ta a matakala ina mita. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, ba ka ga yadda yake manna fuskarsa jikin gilashin kwamfutar ba? Idonsa ne ya fara rauni, kansa lafiya ƙalau. Gyaran ɓoye ba zai tsare masa aikinsa ba. Zauna kusa da shi."

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar watannin nan ba. Yaya zai jingina, ya lumshe ido, ya riƙa zayyano tsarin manhajar tiryan-tiryan, ni ina bugawa. In na yi gaggawa ya ce, "Kai, mi kaka wa sauri? Tsaya mu gani." Manhaja ta daina tsayawa. Har tsokanata ya koma yi, wai yatsuna sun fi kaina gudu. Ba wanda ya ambaci idonsa, shi ma bai ambata ba.

Sai wa'adin matar ya ƙare. Kafin ta tafi ta roƙi oga kada ya raba mu, ya ce to. Ba a jima ba ya shigo ya tsaya a kanmu. "Mutum biyu, kwamfuta guda, ga wata kwamfutar can zaune banza? Haba! Kowa ya koma mazauninsa." Na miƙe raina a ɓace zan yi magana, Yaya ya riƙe hannun rigata. Bai so a faɗi dalilin a gaban mutane, na kuwa koma na zauna ina huci.

Kurakurai suka dawo. Wannan karon oga ya sa ido sosai, ba damar gyara wa kowa. Na kira matar a waya, ta kira oga, ya ce mata ai an gama horo.

Wata rana bayan azahar aka sallami Yaya, rana na dukan kwalta. Baƙin cikin ranar har yau bai bar ni ba. Na raka shi ƙasa, muka tsaya bakin titi, babura na ta wucewa, shi bai ɗaga hannu ba. Can ya ce, "Ƙanena, tsaida min kabu-kabu. Ban iya gane wanda ya ɗauko mutum da wanda bai ɗauko ba."

Ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba sai ranar. Na tsayar masa da ɗaya, na riƙe masa jaka ya hau, na ce wa mai babur ɗin ya bi da shi a hankali.