Wankan Jegon Rahila Ya Kai Ni Sabo

Mun tashi da asuba daga Kafanchan, gari bai gama wayewa ba, ni da wata 'yar zumuntar matan majami'armu mai kai citta kudu. Ita kasuwa ta nufa, ni kuwa wankan jego zan je yi wa 'yata Rahila a unguwar Sabo ta Ibadan. Waɗanda suka san gidanmu sun san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rahila ta tafi Ibadan aikin jinya, ta haɗu da wani Bahaushe ɗan Sabo mai suna Kabiru, ta musulunta, ta aure shi. Mahaifinta dattijon ikkilisiya ne. Ranar da labarin ya iso ya ce kada ta ƙara tako masa gida, ya kwashi buhunan taki ya jibge a ɗakinta, ya sa kwaɗo. Tun daga lokacin na daina kiransa Baban Rahila, domin in na kira sai ya yi kamar da bango nake. Na koma ce masa Dattijo, kamar sauran 'yan majami'a.

A al'ada mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa a yi mata wanka. Tunda ƙofar gida a rufe take, na ce to ni zan ɗauki gidan in kai mata. Dattijo ne ya ɗaukar mini buhun acca har tasha, ya ajiye, ya kakkaɓe hannu, sannan ya ce, "Ban hana ki ba. Amma kada ki dawo mini da labari."

A Abuja muka canja mota. Kuɗin mota kam ba a magana, kowa ya biya yana ƙunƙuni, direba ya ɗora laifin a kan mai, muka yi shiru don mun san ba ƙarya ya yi ba. Da muka haye kogi muka tsaya a Lakwaja cin abinci, masu soyayyen kifi suka yanyame mu. Abokiyar tafiyata ta tsaya ciniki a kan kifi ɗaya har direba ya fara danna ham, ta shigo tana murna an rage mata, alhali rabin ma kai ne. Bayan Okene ramuka suka karɓe mu. Wani bawan Allah a baya da ya yi ta cika baki shi ba ya barci a mota, shi ya fara minshari, kansa a kafaɗar wanda bai sani ba. Mutumin ya ƙyale shi, har yana tare masa kai in za a faɗa rami. Na daɗe ina kallonsu.

Daga nan ƙasa ta canja. Daji ya yi duhu, ga kwakwar manja, ga 'ya'yan koko an shanya a bakin titi, ga mata da jarkokin manja jere. A Ikire aka cusa mana wata soyayyar ayaba baƙa ƙirin mai barkono ta taga. Ka gan ta ka ce ta ƙone, ka ɗanɗana ka nemi ƙari.

Ni dai jikina ne a motar. Tsohuwar malamar firamare ce ni, bakina bai iya zama haka kawai ba, don haka tun daga Abuja nake shirya jawabi. Na shirya na Kabiru, na shirya na uwarsa, na gyara, na ƙara gishiri. Na riga na gama shari'a a raina cewa mutanen da suka raba ni da 'yata za su karɓe ni da ɗaga hanci. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. Ina tsoron in tarar Rahila ta zama wata daban.

Mun shiga Ibadan rana na faɗuwa. Gari ne da ba ka ganin ƙarshensa, rufin kwano mai tsatsa ya hau tudu ya gangara kwari har inda ido ya tsaya. Ƙananan tasi suka kwashe mu kamar kayan wanki zuwa Mokola, nan na rabu da abokiyar tafiyata, na hau keke. Muna karya kwana sai na ji kamar an sauke ni a Kano. Hausa ta ko'ina, hayaƙin tsire, 'yan canji suna kiran masu wucewa, kwandunan goro lulluɓe da ganye, ga kiran sallar magariba daga masallatai. Samari suna fara magana da Hausa, su bi ta Yarbanci, su ƙarasa da Turancin kasuwa, ba wanda ya ɓace a hanya sai ni.

Kabiru ne ya tarye ni a bakin layi. Ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a, ya karɓi buhun ya saɓa a kafaɗa a kan farar rigarsa. Jawabin farko ya mutu a nan. A tsakar gida wata dattijuwa gajera, hannu duk man gyaɗa don ƙuli take yi na sayarwa, ta taso tana goge hannu da zane, tana yi mini maraba da Yarbanci. "E kabo, e kabo! Maman Rahila, sannu da hanya. Kai, kin sha zama." Ita ce Hajiya Kande, uwar Kabiru. Rabon da wani ya kira ni Maman Rahila da baki cike haka har na manta.

Rahila ta fito da hijabi, jaririya a hannu. Muka gaisa kamar maƙwabta. Ta tambayi hanya, na tambayi jiki. Ba ta tambayi babanta ba, ni ma ban ambace shi ba.

Da safe na tarar an ɗora ƙatuwar tukunya a bayan gida, ruwa na tafasa, ga damin ganyen dogon yaro a gefe. Na tsaya daga nesa kamar baƙuwa, don na san Hajiya ce ke yin wankan tun ranar haihuwa, kuma ba a shiga gidan mutane a ƙwace musu aiki. Sai ta ɗauko ganyen ta damƙa mini. Ta ce, "Riƙe miki na yi. Hannuna na aro ne, yau mai abu ta zo." Ta ja labule ta koma kan ƙulinta.

Na tsoma ganyen a ruwan, na fara fyaɗa wa Rahila a baya. Sai ga tabon nan a kafaɗarta, wanda ta samu tana ƙarama da ta faɗo daga bishiyar gwaiba. Yana nan inda na san shi. Na sa yatsa na taɓa. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa. Na ce, "Ruwan ya yi zafi ne?" Ta ce, "E, Mama." Ni ma na ce tururi ne ya shige mini ido. Muka bar shi a haka, muka yi kukanmu, ruwa yana ta sauka.

Da muka kusa gamawa ta ce a hankali, "Mama, in na yi arba'in, kowace mai jego tana zuwa ganin gida da jaririnta. Ni ina zan je?" Na matse ganyen na ce ta juyo in yi mata gaba.

Kwanakin da suka biyo baya sun tafi a kan tukunya. In dama kunun kanwa da cittar gidanmu, in tuƙa tuwon acca, Hajiya ta tuƙa amala, baƙin tuwon nan na Yarbawa, da miyar ewedu mai yauƙi ta ce sai na koya. Na ce mata tuwon nan ya yi kama da wanda aka manta a kan wuta, ta ce ai accata ma tsuntsaye aka ƙwace wa. Matan layin kusan kowacce da sana'arta a cikin gida, wannan awara, wannan ɗinki, wannan turaren wuta, kuma duk wadda ta shigo barka sai ta riƙo wani abu, ko da sabulu ne.

Wata rana ɗaki cike da 'yan barka, wata mai baki irin nawa ta dube ni ta ce, "Shi kakan fa? Har yanzu bai huce ba ne?" Na ji jinina ya hau, na buɗe baki. Hajiya ta riga ni. Ta ce, "Damina ce fa, manomi ne. Ba ki ga accar da ya ɗauko da kansa har tasha ba? Ki ɗanɗana kafin ki tafi." Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ta dai zaɓi gaskiyar da za ta rufa masa asiri. Da aka watse na ce, "Hajiya, kin fa san komai." Ta ce, "Na sani. Mutumin da ke jin an ɗauke masa 'ya, ba a ƙara masa da baki. Da nawa ɗan ne ya tafi, wallahi ban san me zan yi ba." Jawabi na biyu ma ya bi na farko.

Zanen zumuntar mata kuwa a ƙasan jaka na ɓoye shi, don kada in takura wa kowa a gidan. Ranar Asabar da yamma wuta ta zo, Hajiya ta leƙo ta ce, "Maman Rahila, gobe ba Lahadi ba ce? Kawo kayan cocin a goge kafin su ɗauke." Da safe na tarar ta riga ta yi magana da wani mai keke maƙwabcinsu, ya kai ni wata majami'a a wajen Mokola inda ake sujada da Hausa. Na zauna a bencin baya cikin zanen da Musulma ta goge mini, ana waƙa, na kasa buɗe baki. Shekaru ina koya wa mata cewa alheri kyauta ce da mutum bai yi aikinta ba, kamar yadda Yesu ya karɓe mu ba don mun cancanta ba. Na iya faɗinsa sarai. A Sabo ne aka yi mini shi, a gidan da na shiga da faɗa a baki. Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai ciwo a zuciyata game da hanyar da Rahila ta zaɓa, kuma ina yi mata addu'a kullum. Amma a bencin nan na roƙi Ubangiji abu ɗaya, ya ba ni harshe mai taushi kafin in isa gida.

Gona ta kira ni kafin arba'in ya cika. Hajiya ta haɗa mini ƙuli da man gyaɗa, Kabiru ya kawo farin goro da hula ya ce a kai wa Baba. Hajiya ta ɗaga jaririyar ta ce, "Ki ce masa amaryarsa tana gaishe shi, ta ce ita ba ta san angon da ba ya zuwa zance ba." Rahila ta rako ni har bakin layi, ba ta ba ni saƙo ba, hannuna kawai ta riƙe har keke ya tashi.

Hanyar dawowa ta fi tsawo, ko don ni kaɗai ce. Ban shirya jawabi ko ɗaya ba. Na iso na tarar da Dattijo a kan benci yana gyara fartanya. Na ajiye goron da hular a gefensa, na shiga kicin. Da ma ya ce kada in kawo labari, ban kawo ba. Ya tambayi hanya, na ce ramuka. Ya tambayi kuɗin mota, na faɗa, ya yi tsaki. Ya tambayi ko ana ruwa a can. Ya tambayi farashin citta. Ni da na saba cika shi da magana, ranar sai da na danne harshena da haƙori. Har ya gama cin tuwo ya wanke hannu, sannan ya ce, yana kallon ƙasa, "Lafiya dai suke?"

Na ce, "Lafiya lau. Mace ce, goshinka ta ɗauko. An ce in gaya maka amaryarka tana gaishe ka." Na ɗan dakata, na ce, "Arba'in ya kusa. Uwar ta tambaye ni ina za ta je." Ya tashi ya fita. Ban bi shi ba, ban ƙara ko kalma ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Kirki ba ya hayaniya. Wani lokaci miƙa wa mutum ganye ne ka ja labule, wani lokaci goge zanen da ba ka sawa, wani lokaci kuma yin shiru a inda kake da abin faɗa.

Washegari ƙarar guduma ce ta fito da ni daga ɗaki. Na tarar da buhunan taki jibge a tsakar gida, ƙofar ɗakin Rahila a buɗe, kwaɗon a ƙasa. Dattijo yana kan tsani, da sabuwar hular a kansa, yana buga ƙusa a kwano. Bai juyo ba ya ce, "Ɗakin nan yana yoyo. Ba a kwantar da jaririya a ƙarƙashin yoyo."

Na tsaya na riƙe ƙafar tsanin. Na ce, "Baban Rahila, in kawo maka ruwa?"

Ya ce, "Kawo."