Manhajar da Ba Ta San Rani Ba

Duk wanda ya san Ummulkhair ya san abu biyu ne ba ta haƙuri da su: shayi mai sanyi da kwamfuta mai nawa. 'Yar Sule Tankarkar ce, a hannun kawunta Ɗalha ta tashi bayan rasuwar mahaifinta, shi ya riƙa goya ta a keke zuwa firamare yana mita duk hanya wai bakinta ba ya hutawa. Yanzu tana Gumel, a wani ɗan ofishin binciken noma mai ɗaki biyu. Aikinta ta tattara lissafin ruwan sama daga ƙauyukan Gagarawa har bakin iyakar Maigatari, ta zuba wa kwamfuta, kwamfuta ta yi kirdadon lokacin da damina za ta kankama. Tana son aikin nan, kuma ba ta ɓoyewa. Ko a gidan suna ka tambaye ta ya aiki, to ka nemi wurin zama.

Bana Kawu Ɗalha ne ya ɗora mata nauyi. Bara ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran sama, sai yayyafi ya yaudare shi, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Abin da ya rage masa na irin geron da ya gada wurin ubansa buhu ɗaya ne tak. Ya zo Gumel takanas, ya zauna a kujerar ofis bai ko jingina ba.

"Ummu, an ce na'urarku tana ganin damina. To ki tambaye ta. In binne ko in jira? Idan wannan buhun ya tafi, irin gidanmu ya ƙare."

"Kawu, ba gaibu take gani ba fa, kirdado take yi."

"Kirdadon nake so. Ni nawa ya ƙwace bara."

Sai kuma na'urar ta tashi tsiyarta. Ofishin ya koma amfani da wata sabuwar manhajar lissafi da wasu masana a Turai suka rubuta suka saki kyauta, kowa ya ɗauka ya gina aikinsa a kai. Ummulkhair ta zuba mata lissafin shekaru masu yawa. Da safe tana gudu lafiya lau, kafin azahar ta fara ja da ƙyar, kafin la'asar ta sandare ƙiƙam, aikin yini ya bi ruwa. Gobe haka, jibi haka.

Abokin aikinta Malam Ezekiel, mutumin Kafanchan da ya daɗe a Gumel har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta. "Malama Ummu, kashe ki kunna mana."

"Haba Malam! Na kashe na kunna har maɓallin ya san yatsana."

Ita ta gane cutar, yoyon memori ake ce mata. Duk lissafin da manhaja za ta yi, sai ta ari ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ta gama ta mayar. Wannan tana ara ba ta mayarwa, kamar maƙwabciya mai aron kwano, yau ɗaya gobe ɗaya, har a rasa abin zuba tuwo. Sanin cutar ba wuya, gano inda take yoyon shi ne aiki, don rubutun umarnin manhajar layi dubbai ne, kuma mutane a ƙasashe da yawa suna amfani da ita ba wanda ya koka. Wannan ya fi ci mata rai. Me ya sa sai a Gumel?

Ba ta tsaya zargin kwamfuta ko wutar sola ba. Ta buɗe ma'aunin memori a gefe, ta riƙa ba manhajar lissafin gutsure-gutsure tana kallo. Ta ba ta shekara guda, ma'auni ya hau. Ta raba shekarar biyu, ta ba ta watannin damina kaɗai, ma'auni ko gezau. Ta ba ta watannin rani, sai ga shi yana hawa ba tsayawa.

"Iko sai Allah!" in ji ta, har Malam Ezekiel ya leƙo.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Ta bi hanyar da manhajar take bi in ta tarar da ranar da ba a yi ruwa ba, ta ga an rubuta mata cewa in babu ruwa ta wuce gaba kawai. Wucewar take yi tun kafin ta kai layin mayar da aro. A ƙasar da ake ruwa kusan kowane wata, ɗan abin da ke zuba ba ya kai a lura. Nan kuwa, inda ake fin rabin shekara ko ɗigo babu, a ƙauyuka rututu, shekara bisa shekara, dole ƙwaƙwalwa ta cika. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Ta tura wa masu manhajar, wata mata daga cikinsu ta yi godiya sosai, sannan ta tambaya cikin ladabi ko dai ma'aunin ruwansu ne ya lalace duk tsawon watannin nan. Ummulkhair ta yi dariya har da hawaye, ta amsa mata cewa ma'auni lafiyarsa ƙalau.

Ranar nan lissafi ya kai ƙarshe bai sandare ba. Ya nuna alamar ruwan farko zai zo da wuri, ya ɗauke, sai daga baya damina ta zauna. Ta ba malaman gona su isar wa manoma, ita kuma ta hau acaɓa ta tafi gida da kanta.

"Kawu, ka jira. Amma Allah ne masani."

"Shi ne masani," ya ce. "Na jira."

Ruwan farko ya zo. Wasu suka fita da sungumi, suna wuce ƙofar gidansa suna tsokana wai tsoho ya koma bin liman mai waya. Ummulkhair ta shiga damuwa ba kaɗan ba. In ruwan ya ɗore, ita ta sa kawunta ya makara a gaban sa'o'insa. Kullum tana fita harabar ofis ta ɗaga kai, Malam Ezekiel na cewa ta bar sama ta huta. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, buhun yana nan a rumbu. Ba ta yi murna ba, don ta san gonakin da suka tsiro, ta san masu su. Ta ci gaba da jira kamar kowa.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, Gumel ko hadari babu, wayarta ta yi ƙara. Kawu ne. Ta yi sallama, bai amsa ba. Ta ce, "Kawu, lafiya?" Sai ta ji wata ƙara mai ƙarfi ta cika kunnenta, ta ɗauka layi ne ba kyau, har za ta kashe. Can ta gane. Ɗaga wayar ya yi saitin kwanon rufin ɗakinsa, ruwa na dukansa kamar da bakin ƙwarya.

Ya daɗe a haka kafin ya mayar da ita kunnensa.

"Kin ji?"

"Na ji, Kawu."

"To gobe da asuba zan kwance buhun."