Toka a Jirgin Kawu Tanimu

Damina shida ke nan da muka binne Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyata. Mutanen wajen Gazara sun san shi da jirgin katakon da yake tsallakar da jama'a a dam ɗin bayan ƙauyenmu. Mai yin fito da sanda ba baƙon abu ba ne, amma shi Kawu sai ya ɗinke tsofaffin buhunan taki, ya ɗaura su a jikin dogon gora da ya kafa a tsakiyar jirgin, iska ta riƙa tura shi. An yi masa dariya sosai. Ya ce, "Ku dara. Iska ba ta taɓa cewa in ba ta na goro ba."

Manyan fasinjojinsa matan ƙetare ne masu kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi. Wanda ya san mazarƙwaila ya san ba ta shiri da ruwa. Ɗigo kaɗan sai ta narke ta zama ruwan ɗanko. Don haka Kawu ya yi wani rufaffen akwati a cikin jirgin, goran ya ratsa ta murfinsa. Nan ake zuba kayan mata, nan nake ajiye littattafaina lokacin ina sakandare. Ba ni da yawan magana, shi kuma bai taɓa matsa mini ba. Mukan tsallake dam ɗin gaba ɗaya babu wanda ya ce uffan.

Duk sa'ad da ya ga ruwa ya kwanta a akwatin, kafin ya kwashe sai ya ɗebo a tafin hannu ya duba. Ruwan dam da damina ja ne saboda laka, na sama kuwa fari ne tas. Da haka yake gane ko ta ƙasa aka shigo masa ko ta sama. In ta sama ne, sai ya busar da katakon, ya barbaɗe cikinsa da toka, ya jira hadari. Ya ce inda ruwa ya ɗiga ba lallai nan ya shigo ba, yakan yi tafiya a jikin katako kafin ya faɗo. A kan toka kuwa dole ya bar sawu.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Tamfol ya cika kasuwa, matan ƙetare suna kiran direban jirgi ta waya. Ina jin wayar za ta burge shi. Tamfol ɗin ne ba zai yarda da shi ba, don ya tsani a rufe matsala ba a san bakinta ba.

Bana na dawo hutu daga jami'a na tarar ɗansa, Yaya Haruna, wanda ya gaji jirgin, ya yanke shawarar farfasa shi a yi itacen girki. Kayan mata sun narke har sau biyu, wasu sun koma bin doguwar hanya a acaɓa. Ya shafe ƙasan jirgin da kwalta, ya lulluɓe akwatin da tamfol, ruwa bai fasa taruwa ba.

"Ƙasan ya ruɓe, Malam ɗan boko," ya ce mini. "Ko akwai maganinsa a littafinka?"

Na sunkuya na ɗebo ruwan akwatin na miƙa masa tafin hannuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Fari ne." Shi da kansa ya aika gida a kwaso toka daga murhu. Muka busar da akwatin, muka barbaɗe cikinsa da ita.

Da aka yi ruwa aka ɗauke, muka ɗaga murfin. Ga siririn layi nan a cikin tokar, ya taso daga kusurwar da ruwan ke taruwa, ya bi ƙarƙashin murfi, ya tsaya a gindin goran. Ashe robar tayar babur da Kawu ya naɗe wurin da ita ce ta tsage. Ruwa na gangarowa ta jikin goran, ya shige ta ƙarƙashin tamfol ɗin da kowa ya amince da shi. Yaya Haruna ya cusa auduga da kwalta, ya naɗa sabuwar roba, ya yi irin ƙullin mahaifinsa.

Kawu bai bar gona mai yawa ba, buhunan da ya ɗinka ma an sake su tuni. Abin da ya rage mana shi ne haƙurin nan na duba ruwa kafin a yanke wa jirgi hukunci.

Ranar kasuwa muka tsallaka cikin yayyafi. A bakin gaɓa Inna Lami, wadda kayanta suka narke a baya, ta zura hannu a akwatin ta shafa buhunta. Ta zaro mazarƙwaila ɗaya a bushe, ta karya ta da ƙara, ta raba mana.

"Allah ya jiƙan Tanimu," ta ce. "Haruna, sati mai zuwa buhu biyu zan kawo."